Na Haska Rumfa, Surukaina Sun Juya Mini Baya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Duk wanda na kai wa kukana sai ya fara da dariya kafin ya ce Allah ya kyauta. Ke kaɗai nake kyautata wa zaton za ki karanta har ƙarshe ba ki yi ba.

Ni mai aski ne. Ba cika baki ba, a layinmu in kika ga ƙeya ta fita tsaf, ba sai kin tambayi inda aka yi ta ba. Shagona yana cikin wasu shaguna uku da ke jere a bakin titi, waɗanda marigayi surukina ya bar wa 'ya'yansa biyu, wato matata da yayanta. Ɗaya nata, ɗaya nasa, na ukun kuma na su biyun ne, suka yarda in zauna a ciki. Rumfar kwano ɗaya ce ta rufe gabansu duka, doguwa ce sosai, in kina wannan ƙarshen sai kin ɗaga murya na wancan ƙarshen ya ji ki. Ni ne a farko, ta wajen kwana. Matata tana tsakiya da kekunan ɗinkinta. Yayan nata yana can ƙarshe yana sayar da yadi. A gabansa Yaya nake ce masa, yadda take ce masa. A bayan idonsa kuwa duk layin Darakta ake kiransa, domin mutum ne da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya amma yana da kujera mai juyawa, kuma ko ruwa zai sha sai ya yi gyaran murya.

Muna zamanmu lafiya, daidai gwargwado, sai mai kantin maganin da ke tsallaken titi ya sa wa 'yar rumfarsa fitilar nan ta zamani da ake kira LED. Kin san ta, siririya ce, tana zuwa a naɗe kamar salatif, bayanta da gam, a ɓare takarda a manna. Da magariba ta yi sai ki ga gaban kantinsa ya yi fes, har masu lafiya suna shiga sayen abin da ba sa buƙata. Mu kuwa muna nan da ƙwayayen fitilu uku da suka tsufa, ƙwari na zagaye su. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce wa matata rumfarmu ta ninka tasa tsawo, in muka zagaye ta da wannan fitila, daga shataletale za a riƙa hango mu.

Na kai wa Yaya magana. Ya juya a kujerarsa, ya juyo, ya yi gyaran murya, sannan ya ce bai hana ba, amma da sharaɗi biyu. Ba za a buga ko ƙusa ɗaya a rumfar mahaifinsa ba, kuma ba za a ja wuta daga mitarsa ba. Ya ƙara da cewa a kira mai gyaran lantarki. Matata ma haka ta ce. Anti, ni da nake kwance na'urar askina in mayar ido rufe, ni za a kira wa wani ya manna mini takarda mai gam? Fankar ɗakinmu ni na gyara ta, kuma har yau tana juyawa, illa dai sai an ɗan tura ta da sanda a farko. Na kalli bidiyo a waya har sau biyu, na ga wani yana yi yana murmushi, ko zufa bai yi ba.

Ranar da ba ma buɗe shago na aro tsani, na sayo naɗi-naɗin fitilar, mai canza launi har da rimot. Na jona bakin wannan da gindin wancan har suka zama igiya ɗaya tun daga ƙofata zuwa ƙofar Yaya. Matata tana ƙasa tana riƙe mini tsani, tana ta cewa in fara goge ƙurar ƙarfen kafin in manna. Na ce mata gam ɗin nan ba irin na takalmi ba ne. Da na gama sai na ga tsofaffin ƙwayayen nan uku za su ɓata mini aiki, na kwance su na ajiye. Sannan na soka adaftar da ke ba igiyar wuta a soket ɗin shagona, tunda mai mita ya hana.

Ban gayyaci jama'a ba, kamar yadda ake yaɗawa yanzu. Na dai gaya wa abokan cinikina cewa wanda yake kusa da magariba ya leƙo. Ba laifina ba ne da suka zo da abokansu. Na tsaya a tsakiyar titi da rimot a hannu, na danna.

Gefena ya kawo fari tas, kamar rana ta dawo. Mutane suka yi tafi. Gefen matata ya kawo, ba laifi, ya ɗan yi ruwan ƙwai. Sai idanu suka bi igiyar har ƙarshe, tafin ya riƙa raguwa. Gefen Yaya wani ja-ja ne dishi-dishi, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Yana tsaye a ƙarƙashinsa ya goya hannu a baya, fuskarsa ta koma kamar ta wanda zazzaɓi ya kwantar. Wani direba da nake yi wa aski ya ɗaga murya ya tambaya ko Darakta bai biya nasa rabon ba ne. Aka kwashe da dariya. Tun daga wannan yammacin aka laƙaba mini Injiniya, kuma da farko na ɗauka yabo ne.

Na ce wa Yaya ya yi haƙuri, sabuwa ce, za ta warware. Ba ta warware ba. Na yi tunani na gano adaftar ce ba ta da ƙarfi, sai na samo cajar wata tsohuwar kwamfuta wadda ta fi ta nauyi, na yanke waya na haɗa. Gefen Yaya ya ɗan farfaɗo, ina jin ko shi zai shaida. Sai dai nawa gefen ya fara zafi yana wani ɗan ƙauri, wasu 'yan fitilun saman ƙofata suka mutu, wurin ya zama kamar bakin mai giɓi. Amma har yanzu ya fi na mai kantin magani.

Ana cikin haka sai maganar yadi ta taso. Yaya yakan fito da kayansa ya rataye a ƙarƙashin rumfa da yamma, lokacin da masu tasowa daga aiki ke wucewa, kuma nan ne cinikinsa yake. Wata mata ta zaɓi yadi ruwan ƙasa mai duhu don ɗinka wa mijinta. Da safe ta dawo da shi har an yanka, kore shar kamar ganyen ayaba. Ta tsaya a bakin titi tana ɗaga shi sama tana tambayar masu wucewa ko mijinta aku ne. Yaya ya karɓi yankakken yadinsa, ya ba ta wani. Wannan kuma ni aka ɗora wa. Ni na zaɓa mata? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sayar da yadi bai san koren kayansa ba sai fitila ta gaya masa?

Ya aiko matata ta ce in mayar da tsofaffin ƙwayayen. Na ce a ba ni lokaci, ina kan bincike. In na mayar da su ai na amsa ke nan cewa aikina bai yi ba, duk layin na kallo.

Yanzu ga inda abin ya lalace. Surukata, wadda muke kira Mama, takan zo da rana ta zauna a kujera gaban shagon Yaya tana kallon titi. Tsohuwa ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Wata rana an yi zafi sosai, kwanon ya ɗauki rana, gam ɗin ya saki. Igiyar ta sulmiyo daga sama ta sauka a wuyanta, da ɗuminta. Mama ta kurma ihu tana kiran maciji, ta yi wani tsalle da ban san tana da shi ba, ta sauka a kan dakali ƙafarta ta gurɗe. Ina tsakiyar yi wa wani aski na fito da gudu. Anti, wallahi tari ne ya sarƙe ni. Gashi ne ya shiga maƙogwarona, abin da ke samun kowane mai aski. Amma matata ta ɗago daga inda ta durƙusa ta dube ni, ta ce ta san tarina kuma ta san dariyata.

An kai Mama asibiti, an ce targaɗe ne, ba karaya ba, an ɗaure. Matata ta tafi jinyarta, kuma ga shi Mama har ta fara takawa amma mai jinya ba ta dawo ba. Takan zo shago ta yi ɗinkinta, bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin ƙarar kekenta, amma in na leƙa sai ta ƙara taka shi. Ban je duba Mama ba tukuna, domin na san Yaya yana can ya kafa kujerarsa yana jirana, kuma ba na so a yi abin kunya a gaban mara lafiya. Na dai aika da gaisuwa.

Shi kuwa yana bin dangi yana cewa da gangan na yi. Wai na haska gefena na dusashe nasa don in nuna wa duniya wane ne babba a rumfar. Ya kawo mai walda ya auna inda za a yanke kwanon a raba kowa da nasa, ya kuma ce tunda shagon da nake ciki rabinsa nasa ne, zai sa a ba wani haya. Da aka tambayi matata ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wannan shirun shi ne ya fi ci mini rai. Shagon nan da shi nake ciyar da 'ya'yanta.

To Anti, ga abin da nake tunani. In hau tsani in datse igiyar daidai iyakar shagona, in bar nawa gefen yana ci, su zauna a duhu su ga bambanci. Ko kina ganin hakan zai sa su gane darajar abin da na yi musu? Kuma ta yaya zan fahimtar da matata cewa a irin wannan lamari bayan mijinta ya kamata ta bi? In kuma kin san abin da ke sa ƙarshen fitila ya yi ja, ki faɗa mini a sirrance, ba don ban kusa ganowa ba.

Naki,
Mai askin da aka yi wa mummunar fahimta

*

Malam mai aski,

Ka yi mini kyakkyawan zato, amma ban cika maka shi ba. Na yi dariya, kuma tawa ba tari ba ce. Da na gama na sake karantawa, sai dariyar ta ragu, domin wasiƙarka ta ba fitila shafi guda, ta ba ƙafar surukarka layi uku.

Kafin komai, ka ajiye jaridar nan ka je ka zare cajar kwamfutar nan daga soket. Abin da ke zafi yana ƙauri a saman shagon ɗinki da shagon yadi ba bincike ba ne, gobara ce ke sallama. In ta tashi ba za ta tsaya a iyakar shagonka ba, kuma ba za a tsaya raba rumfa ba, domin babu abin da zai rage a raba.

Tambayarka ta sirri zan amsa ta a fili, saboda na san akwai masu tsani da yawa da ke karanta wannan shafi. Na tuntuɓi wani mai gyaran lantarki, irin wanda aka ce ka kira ka ƙi. Ya ce wutar tana bi ne ta wani siririn layin jan ƙarfe da ke jikin igiyar, kowace 'yar fitila tana ɗibar nata, layin ma yana rage mata ƙarfi. In igiyar ta yi tsawo, kafin wutar ta kai ƙarshe ta galabaita. Shuɗi da kore ke fara sarewa, ja ya rage, shi ya sa surukinka, yayan matarka, ya tsaya a cikin garwashi. Maganinsa ba a ƙara mata wutar da ta fi ƙarfinta ba ne. A raba ta gida-gida a inda aka yi alamar yankawa, kowane shago da adaftarsa daga nasa soket ɗin, ko a ba ta wuta ta baki biyu. A sayi irin wadda ruwa ba ya shiga, a goge ƙarfen tas, a sa ta cikin ɗan kwararon alminiyam da aka ɗaure da kyau, domin gam shi kaɗai ba ya jure zafin kwano. Mai sayar da yadi kuma farar fitila tsantsa yake buƙata, ba ta gidan rawa ba. Ka ga duk wannan bai kai tsawon labarin fitilarka ba.

Yanzu bari in ba ka haƙƙinka, don kana da shi. Ban yarda da gangan ka yi ba. Mugunta tana buƙatar sanin abin da ake yi, kai kuwa wasiƙarka ta wanke ka daga wannan zargi tas. Niyyarka ta haska wa kowa mai kyau ce. Surukinka ma yana da nasa kason. Ya hana soket, ya hana a ɗaure komai a jikin rumfa, kuma waɗannan biyun su ne abin da aikin yake buƙata. Yanke rumfar da mahaifinsa ya gina ɗaya, da barazanar tayar da mijin ƙanwarsa daga inda yake neman abincin yara, fushi ne ya wuce gona da iri. Sai dai shi ya faɗi abu guda mai amfani tun ranar farko, cewa a kira wanda ya iya. Da ka kira, da shi ne zai gaya masa sharuɗɗansa ba za su yiwu ba, da yanzu shi ake yi wa dariya ba kai ba.

Abin da ya rage duk naka ne. Ka kwance fitilun mutane ba ka tambaye su ba. An yi asara a shagon wani saboda haka, aka roƙe ka ka mayar, ka ƙi don kada layi ya gan ka. Malam, layi ya riga ya gan ka, kai ka tara shi. Sannan tsohuwar da ka ce ba ta taɓa ɗaga maka murya ba ta ji ciwo ta dalilin aikinka, ka aika da gaisuwa kamar wanda ke wata ƙasa. Ka ce kana gudun abin kunya a gaban mara lafiya. Rashin zuwan naka shi ne abin kunyar, kuma kullum ƙaruwa yake.

Game da matarka, ka daina neman ta bi bayanka. Ta riƙe maka tsani, ta ba ka shawara ka yi watsi da ita, ta kai saƙo tsakaninka da yayanta, ta ɗauki mahaifiyarta daga ƙasa kana tari. Shirun da ta yi da aka tambaye ta maganar shago ba cin amana ba ne. Mace ce da ta ƙi goyon bayan korarka a daidai lokacin da ba ka ba ta dalilin kare ka ko ɗaya ba. Ka gode mata. In ka datse igiyar nan a iyakar shagonka ka bar su a duhu, ka tabbatar wa Yaya zarginsa da hannunka, kuma kai za ka ba ta amsar da take ta jinkirtawa.

Ga yadda za ka yi. Ka sauke igiyar gaba ɗaya, har da gefenka mai giɓi, ka mayar da ƙwayayen nan uku inda ka same su. Ka yi shi da rana tsaka, kowa na gani. Daga nan ka wuce wajen Mama, ka durƙusa ka ba ta haƙuri. Kada ka kai mata bayanin gam da zafin kwano, kada kuma ka ambaci gashin maƙogwaro. In an ce ka yi dariya, ka ce ka yi, kuma ka ji kunya. In Yaya yana nan da kujerarsa, ka bar shi ya juya, ya yi gyaran murya, ya faɗi duk abin da ke ransa, kai dai ka ce ka ji. Ka nemi ɗaukar asarar yadin da aka yanka, ko zai ƙi karɓa. Matarka kuma kada ka tambaye ta yaushe za ta dawo. Ka tambaye ta me Mama take buƙata, ka kawo.

Maganar sabuwar fitila ka bar ta sai ƙura ta lafa, kuma kada ta fito daga bakinka. In su suka tayar da ita, ku zauna ku uku da mai lantarki, kowa ya ba da soket ɗinsa, kai kuma aikinka ranar shi ne riƙe tsani.

Kana da sana'a a hannu, kana da mata mai haƙuri, kana da suruka da har yau ba ka ce ta zage ka ba. Mutane da yawa suna rubuto mini ba su da ko ɗaya daga ciki. Ka tashi ka je yau, kada ka bari sai gobe. Allah ya ba Mama lafiya, ya sanyaya zuciyar Yaya, ya dawo maka da iyalinka cikin rufin asiri.

Taku,
Anti